Mai son cin abinci da GIS, daga ina zai fara?

Kusan duk wanda ya karanta labarin ƙasa, ko tsara birane, ko kimiyyar muhalli a jami'o'inmu, ya sha jin shawarar nan tun kafin ya tuɓe kakin bautar ƙasa: "Je ka koyi GIS, yanzu ita ke tashe." GIS ɗin nan ita ce fasahar haɗa bayanai da taswira a kwamfuta. Shawarar ba ƙarya ba ce, guntuwa ce dai. Matashi zai harhaɗa 'yan kuɗinsa ya biya horon mako biyu, a nuna masa inda zai riƙa latsawa har taswira ta fito da launuka da kibiyar arewa a kusurwa, a miƙa masa satifiket mai hatimi. Ya dawo gida ya yi ta tura takardun neman aiki, shiru kake ji. Daga nan sai ya yanke hukuncin cewa ba aikin, ko kuma sai mai uwa a gindin murhu.

Akwai ƙamshin gaskiya a zancen nasa, amma ba nan gizo ke saƙar ba. Babu ma'aikatar da ke ɗaukar mutum don ya iya ƙawata taswira. Ana ɗaukarsa ne saboda wata tambaya ta hana shugabannin wurin barci, kuma amsarta tana farawa da "a ina". A ina yaran da ba a yi wa rigakafi ba suke? A ina ruwa zai fara shiga idan kogi ya yi ambaliya? Wane fili ne aka ba mutum biyu takarda a kansa? GIS gishiri ce: tana shiga kowace miya, amma ba mai zuba gishiri zalla a kwano ya ce ya yi girki. Wanda ya zo da ita tsurarta, ba fannin da ya jingina ta da shi, shi ne ke daɗewa a layi.

Tun asalinta ma haka take. A shekarun 1960 gwamnatin Kanada ta so ta san yawan ƙasar noma da dazuzzukan da take da su, da inda suke, da abin da kowane yanki ya dace da shi. Taswirorin takarda sun yi yawan da ba za a iya auna su da hannu ba. Roger Tomlinson, wanda ake yi wa kallon uban wannan fanni, ya jagoranci zuba su a kwamfuta. Buƙata ce ta haifi kayan aikin.

Idan aka tuɓe mata ado, GIS jadawali ne irin wanda kowa ya sani a Excel, sai dai kowane layi a cikinsa yana da mazauni a doron ƙasa. Rijiyar burtsatse ɗigo ce mai lambobi biyu da ke nuna inda take, a gefe kuma an rubuta zurfinta, da shekarar da aka haƙa ta, da ko tana aiki ko ta lalace. Hanya da kogi layi ne. Gona da mazaɓa da ƙaramar hukuma fili ne mai iyaka. Hoton tauraron ɗan'adam kuwa wani nau'i ne daban, ƙananan murabba'ai ne jere, kowanne ɗauke da lamba. Ƙarfin abin yana fitowa ne idan aka ɗora waɗannan falle kan falle, aka yi tambayar da falle ɗaya ba zai amsa ba: wane ƙauye ne ya haura mutum 500, ya yi nisan fiye da kilomita 2 da ruwa mai tsabta, kuma mota na iya shigarsa da damina?

Misalin da ya fi kusa da mu shi ne yaƙi da cutar shan inna. A 2012 mutum 223 aka tabbatar sun kamu da ƙwayar cutar ta asali a duniya baki ɗaya, 122 daga cikinsu a Najeriya, akasari a arewa. Ba a rasa maganin ba, ba a kuma rasa ma'aikata ba. Ɗaya daga cikin manyan matsalolin ita ce taswirar da ayarin masu ɗiga magani ke aiki da ita zanen hannu ce, wadda jami'in mazaɓa ya zana daga abin da ya tuna. Rugar da bai sani ba, ko 'yan gidajen da aka gina a bayan tsauni, ko ƙauyen da ke kan iyakar mazaɓu biyu kowa na zaton na ɗan'uwansa ne, duk ba su cikin zanen. Wanda ba ya cikin zane kuwa ba za a je masa ba. Sai aka ɗauko hotunan tauraron ɗan'adam aka bi su gini-gini, aka tura mutane suka je da ƙafarsu suka tambayo sunayen wuraren, aka fitar da sabuwar taswirar kowace mazaɓa. Aka kuma haɗa ayarin da wayoyi masu GPS da ke ajiye sawunsu kowane 'yan mintoci, ta yadda da yamma za a ga unguwar da aka shiga da wadda aka tsallake, gobe a koma mata. Ƙungiyar eHealth Africa da ke da babban ofishi a Kano tana cikin waɗanda suka riƙe wannan aiki, da tallafin gidauniyar Bill da Melinda Gates. An ga ƙwayar ta asali karo na ƙarshe a Borno a 2016, sannan a watan Agustan 2020 aka ayyana nahiyar Afirka ta rabu da ita. Ba GIS kaɗai ta yi wannan ba, sarakuna da malamai da dubban mata masu shiga gida-gida su suka ɗauki nauyin. Amma duba irin mutanen da aikin taswirar ya buƙata: mai bin hoto yana zana gidaje, mai zuwa ƙauye da babur, mai gyara sunaye, mai kula da rumbun bayanai, mai bayyana wa shugaban sashen lafiya na ƙaramar hukuma abin da jan launi ke nufi. Mai ƙawata taswirar ƙarshe mutum ɗaya ne a cikinsu, kuma aikinsa ya fi na kowa sauƙi.

Wannan ya kawo mu ga abin da masu horon mako biyu ba sa faɗa: mafi yawan ranakun mai wannan sana'a a gyaran bayanai suke ƙarewa. A ce an ba ka jerin asibitocin jiha daga ma'aikatar lafiya, da jerin ƙauyuka daga wata hukuma, aka ce ka haɗa su. Wani ya rubuta Ɗanbatta, wani Dambatta, wani Danbatta. Wani ya rubuta Birnin Kudu, wani B/Kudu. Kwamfuta ba ta san wuri ɗaya ba ne. Can kuma sai ka tarar da Tudun Wada, wadda ƙaramar hukuma ce a Kano, unguwa ce a Zariya da Kaduna da Gusau. Sabon Gari da Unguwar Rimi da Nasarawa kuwa ba a magana. A Nijar abin ya ƙara wani salo, domin takardun hukuma da rubutun Faransanci suke: Tessaoua ita ce Tasawa, Dogondoutchi Dogon Dutsi, Zinder kuma mutanenta Damagaram suke cewa. Ƙwararren da ke zaune a Turai zai iya fin ka iya manhaja nesa ba kusa ba, amma ba zai gane cewa "Rugar Ardo" da "Gidan Ardo" na iya zama wuri guda ba, ba kuma zai iya kiran mai unguwa ya tabbatar ba. A ganina wannan shi ne jarin da matashin Bahaushe ke da shi a hannu, wanda sau da yawa bai ma ɗauke shi a bakin komai ba.

Sai lambobin wuri, inda nan ne ake gane ɗan koyo. Kano tana wajen digiri 12 arewa da 8.5 gabas. Idan mai shigar da bayanai ya juya lambobin, na farko ya koma na biyu, ɗigon ba zai faɗa teku ba balle a farga da wuri, zai sauka ne wajen Ganye a jihar Adamawa, cikin Najeriya lafiya lau, ya zauna yana ɓata lissafi. Idan kuma wayar ba ta kama tauraro ba ta ajiye sifili da sifili, ɗigon zai bayyana a tsakiyar teku kudu da Ghana. Digiri ɗaya daga kudu zuwa arewa kimanin kilomita 111 ne, saboda haka wanda ya datse lambobin ya bar biyu kacal bayan ɗigo don jadawalinsa ya yi kyau, ya yi wa kowane wuri kuskuren da zai iya kai wa ɗaruruwan mitoci.

Akwai wanda ya fi wannan zurfi. Duniya ba shimfiɗaɗɗiya ba ce, kuma ba ƙwallo ce sumul ba, don haka duk lambar da aka ba wani wuri tana dogara ne da ma'aunin da aka ɗauka a matsayin tushe. Tsofaffin taswirori da takardun awon filaye na Najeriya an gina su ne kan tushen da aka kafa a Minna. GPS ɗin wayarka kuwa da tushen duniya na WGS84 yake aiki. Idan ka ɗauki lambar da ke kan tsohuwar takardar safiyo ka zuba ta kai tsaye a kan hoton Google Earth ba tare da ka sauya tushe ba, a yankin Kano filin zai goce da wajen mita 80. Fuloti mai faɗin ƙafa 50 wajen mita 15 ne, ke nan ka tsallake fuloti biyar ka sauka a gidan wani. Rigimar fili da yawa daga irin wannan take tashi. Haka nan, don auna tsawo da faɗi da mita, an yanka duniya gida-gida a tsarin UTM, kowane gida faɗin digiri 6, Najeriya kuma ta faɗa cikin gida uku: Sakkwato tana 31, Kano 32, Maiduguri 33. Wanda ya fahimci waɗannan abubuwa biyu da kyau ya wuce da yawa daga masu satifiket, kuma da wuya a yi wa mutum gwajin ɗaukar aiki na gaske ba a taɓo su ba.

To su wa ke ɗauka? Ƙofar da aka fi sani ita ce hukumomin filaye. Dokar filaye ta 1978 ta damƙa ƙasar kowace jiha a hannun gwamna, shi ke ba da takardar shaidar mallaka, kuma shekara da shekaru fayilolin suna jibge a ɗakunan ajiya, wasu gara ta ci, wasu an sace, wasu an yi musu tagwaye. A 2003, lokacin da Nasir El-Rufai ke ministan babban birnin tarayya, aka kafa AGIS don mayar da fayilolin Abuja cikin kwamfuta. Jihohi suka bi sahu: NAGIS a Nasarawa, KADGIS a Kaduna, KANGIS a Kano, GOGIS a Gombe, BOGIS a Barno, da sauransu. Dalilin gwamnoni a fili yake, filin da aka san mai shi fili ne da za a karɓi haraji a kansa. Aikin yana da tabbas idan an samu shiga, amma shigar ba kullum ba ce, kuma kaso mai yawa na aikin fasahar kamfanonin kwangila ake ba wa. Mai hankali zai nemi sanin kamfanin da ke riƙe da kwangilar, don sau da yawa ƙofarsa ta fi ta hukumar saurin buɗuwa.

A nan akwai iyakar da ya kamata a sani tun da wuri. Iya GIS bai mayar da mutum safiyo ba. Awon fili na shari'a, da kafa duwatsun iyaka, da sa hannu a takardar da kotu za ta karɓa, aikin safiyo ne mai rajista da hukumar SURCON wadda aka kafa a 1989. GPS ɗin waya, a fili mai sarari, kuskurensa na iya kai mita 3 zuwa 5, a cikin lungunan birni kuma ya fi haka. Na'urar safiyo tana kai wa santimita. Matashin da ya ɗauki waya ya zagaya gonar mutum ya buga masa takarda yana kiranta awo, ya jefa kansa da mai gonar cikin matsala. Wanda zuciyarsa ke kan harkar filaye, gara ya bi hanyar karatun safiyo tun farko, ko ya yi aiki a ƙarƙashin mai rajista.

Ƙofa ta biyu ita ce lafiya da ayyukan jinƙai, kuma ita ta horar da yawancin ƙwararrun da arewa ke da su a yau. Daga aikin shan inna aka samu harsashin shirin GRID3, wanda ke tattara bayanan matsugunai da asibitoci da makarantu da ƙiyasin yawan jama'a, ya sa su a intanet kyauta. Hukumomin Majalisar Ɗinkin Duniya da ƙungiyoyin agaji a arewa maso gabas kullum suna buƙatar mai sarrafa bayanai, ko da yake sau da yawa ba za ka ga kalmar GIS a sunan muƙamin ba, sai dai jami'in bayanai ko jami'in sa ido da tantance aiki. Wanda ke laluben tallan aiki da haruffan nan uku kawai, rabin guraben za su wuce shi bai gani ba. Albashin wannan ɓangare ya fi na gwamnati, amma kwantiragi ne na wata shida ko shekara, rayuwarsa kuma tana hannun mai ba da tallafi. A 2025 da gwamnatin Amurka ta rushe hukumarta ta tallafa wa ƙasashen waje, USAID, shirye-shirye da dama sun tsaya cak, ma'aikata suka koma gida. Duk mai shiga ta wannan ƙofa ya shiga da sanin haka.

Noma da ruwa da muhalli su ne, a nawa hangen, inda aikin zai fi daɗewa, ko da kuɗinsu bai kai na ƙungiyoyi ba a yanzu. Tun 2008 Amurka ta buɗe taskar hotunan taurarinta na Landsat kyauta, hotunan da aka fara ɗauka tun 1972. Tauraron Sentinel-2 na Tarayyar Turai, wanda aka fara harbawa a 2015, yana ba da hoton da kowane murabba'insa mita 10 ne, yana kuma dawowa kan wuri ɗaya kusan duk kwana biyar. Da wannan ba za ka ga katangar gida ba, amma za ka ga gonar shinkafa a Kadawa, ka ga yadda kacala ke toshe hanyoyin ruwa a fadamar Haɗeja da Nguru, ka ga yadda gari ke cinye gonakin da ke kewaye da shi shekara bayan shekara. Cikas ɗin shi ne gajimare: a watan Agusta, lokacin da aka fi son ganin amfanin gona da ambaliya, lokacin ne sama ke rufe. Shi ya sa masu bin ambaliya ke komawa ga Sentinel-1, mai aiki da rada, wanda ke ratsa gajimare dare da rana. Bayan ɓallewar madatsar ruwa ta Alau da ta mamaye Maiduguri a watan Satumban 2024, ba sai an yi wa kowa dogon bayani kan amfanin sanin unguwar da ke kwari da wadda ke tudu ba. A Nijar kuwa cibiyar AGRHYMET da ke Yamai, wadda aka kafa a 1974 bayan babban farin Sahel, ta daɗe tana bin damina da makiyaya da fara ta wannan hanya, tana kuma horar da 'yan ƙasashen yankin.

Sauran ƙofofin a taƙaice: hukumar ƙidaya, wadda ta shata yankunan ƙidaya ta hanyar kwamfuta don ƙidayar 2023 da aka ɗage, hukumar sararin samaniya NASRDA da cibiyarta ta nazarin hotunan tauraro a Jos, kamfanonin wutar lantarki masu son sanin wane gida ke kan wace taransifoma, kamfanonin waya, da na ma'adinai, da masu kai kaya gida-gida a biranen da adireshinsu "bayan masallacin Juma'a" ne.

Wajen koyo, tsarin da zan ba ƙanina shi ne ya fara da abin da ake rainawa, wato Excel, har ya iya tace jadawali mai layi dubu goma, ya gano maimaici, ya haɗa jadawali biyu da lamba guda. Sannan manhajar taswira ta QGIS. Kyauta ce, ba lasisi, tana aiki ba intanet, kuma babu wani abu da ɗan koyo zai buƙata a shekararsa ta farko da ba ta yi. ArcGIS ta kamfanin Esri ita ce da yawa daga manyan hukumomi ke amfani da ita, sunanta kuma na fitowa a tallan aiki, amma lasisinta da dala ake saye. Wanda ya fahimci aikin a ɗaya, 'yan makonni sun ishe shi ya saba da ɗayar, don maɓallan ne suka bambanta. Muhawarar wacce ta fi ɓata lokaci ce. Satacciyar manhajar da ake sa wa mutane a kasuwar waya kuwa, ban da haramcinta, ranar da ka fi buƙatarta ranar za ta ƙi buɗewa.

Bayan nan sai tattara bayanai da waya, da manhajar KoboToolbox ko ODK: yadda ake tsara tambayoyi ta yadda mai cikewa zai zaɓi sunan mazaɓa daga jeri maimakon ya rubuta da hannunsa, wanda shi kaɗai ke kashe rabin matsalar sunayen da muka ambata. Daga nan hanya ta rabu. Da yawa sukan tsaya a nan, su zauna a matakin mai zana gidaje daga hoto, aikin da ake biya kaɗan, wanda kuma kwamfuta ta fara karɓewa, domin Google da Microsoft duk sun fitar da zanen miliyoyin gine-ginen Afirka da na'ura ta gano da kanta. Masu wucewa gaba su ne waɗanda suka daure suka koyi SQL don yi wa rumbun bayanai tambaya, musamman PostGIS mai ajiye bayanan wurare, da kuma harshen kwamfuta na Python don aikin da ake maimaitawa. Idan aka ce a fitar da taswirar kowace ƙaramar hukuma 44 ta Kano duk wata, mai yi da hannu zai kwana yana yi, mai Python zai rubuta umarni sau ɗaya ya tafi sallah ya dawo ya tarar an gama. Tazarar albashi a wannan fanni galibi a nan take. Ba sai mutum ya zama gwanin lissafi ba, naci ake so.

Maganar kayan aiki ba ta kai yadda ake tsorata mutane ba. Kwamfutar cinya ta hannu mai ƙwaƙwalwar gigabait 8 da ma'ajiyar SSD ta isa farawa. Wuta da data su ne ainihin ciwon kai, domin hoton tauraro ɗaya na iya cinye ɗaruruwan megabait. Google Earth Engine na rage wannan, tunda a kwamfutocin kamfanin ake yin lissafin, sakamakon kawai kake saukewa, kuma kyauta ne ga ɗalibai da masu bincike. Wani ɗan abin da ke tona asirin sabon shiga: tsohon nau'in fayil ɗin da ake kira shapefile ba fayil ɗaya ba ne, aƙalla uku ne da dole su tafi tare, na huɗu kuma shi ke ɗauke da bayanin tushen ma'auni. Wanda ya tura wa mai gidansa guda ɗaya ta imel ya gama bayyana matsayinsa.

Shin sai an yi digiri? Ga aikin gwamnati, takarda ba makawa. Jami'ar Ahmadu Bello, da ta fasaha da ke Minna, da Modibbo Adama a Yola, da kwalejin fasaha ta Kaduna, duk suna koyar da safiyo da ilimin taswira, sassan labarin ƙasa irin na Bayero da na Abdou Moumouni a Yamai su ma suna taɓawa. Ga mai son zurfafawa akwai makarantar safiyo ta tarayya a Oyo, da cibiyar AFRIGIST a Ile-Ife, wadda aka fi sani da tsohon sunanta RECTAS, mai koyarwa da Turanci da Faransanci. Amma ba na ba wanda ya gama digirin farko shawarar ya zarce na biyu don kawai bai samu aiki ba. Gara ya yi shekara guda yana taɓa bayanai na gaske, ya gano ɓangaren da ke jan hankalinsa. Wanda kuma ya karanta aikin gona, ko lafiyar al'umma, ko injiniyan ruwa, kada ya ɗauka an bar shi a baya. Shi ya riga ya san tambayoyin da ake yi a fanninsa, kayan aikin kawai zai ɗora, kuma sau da yawa ya fi ɗan labarin ƙasa saurin samun gurbi.

Abin da ke maye gurbin "shekaru uku na ƙwarewa" da ake rubutawa a tallan aiki shi ne aikin da za ka iya buɗewa ka nuna. Ɗauki ƙaramar hukumarku. Sauko da iyakokinta daga shafin HDX na ofishin jinƙai na Majalisar Ɗinkin Duniya, da asibitoci da matsugunai da ƙiyasin jama'a daga GRID3. Lissafa mutum nawa ke zaune nesa da kilomita 5 daga asibiti mafi kusa. Wannan kowa zai iya. Sai ka hau babur ka duba asibiti goma daga ciki. Mai yiwuwa ka tarar wani an ajiye ɗigonsa a inda ba nan yake ba, wani ginin na nan amma ba ma'aikaci, wani kuma a taswira kilomita 3 ne amma akwai rafin da ke yanke hanya daga Yuli zuwa Satumba. Ka gyara lissafin, ka rubuta shafi biyu: ga abin da bayanan suka ce, ga abin da na tarar, ga inda ya fi cancanta a sa sabon asibiti da dalili. Irin wannan guda biyu ko uku sun fi satifiket goma nauyi a gaban mai ɗaukar aiki da ya san abin da yake nema. OpenStreetMap, taswirar intanet da kowa ke iya zanawa a cikinta, ita ma fage ce: garuruwanmu da yawa har yanzu ba a gama zana titunansu ba, duk abin da ka zana yana nan da sunanka kowa na iya dubawa, kuma ta ƙungiyoyin ɗalibai irin su YouthMappers ake haɗuwa da waɗanda ke jin labarin gurbi kafin a tallata shi.

'Yan mata su ma kada su ɗauka fagen maza ne. Rabin aikin a kan tebur ake yinsa, na fita kuma akwai gidajen da aka rubuta "ba shiga" a ƙofa, inda mace kaɗai za ta iya shiga ta yi tambaya. Wadda ta haɗa wannan damar da iya sarrafa bayanan da ta tattaro, ayari ba ya son rabuwa da ita.

Fita fili kuwa yana da ƙa'idojin da ba a koyarwa a aji. A halin tsaron da ake ciki, baƙon da ya tsaya a bakin ƙauye yana ɗaga waya sama yana ɗaukar lambobi zai iya kwana a hannun 'yan sa-kai. Ana fara sallama ne a ƙofar dagaci ko mai unguwa, da takardar gabatarwa, a nemi ɗan gari ya yi rakiya. Jirgi maras matuƙi ba a tashinsa haka kawai, a Najeriya sai da izinin hukumar kula da sufurin jiragen sama da amincewar ofishin mai ba shugaban ƙasa shawara kan tsaro, kusa da bariki ko filin jirgi kuwa kada ma a fara. Bayanan da aka tattaro su ma amana ce. Jadawalin da ke nuna gidan da ke da mai ɗauke da wata cuta, ko rugar da ke da shanu ɗari, ko makarantar kwana da hanyoyin shigarta, idan ya faɗa hannun da bai dace ba rai zai iya salwanta. Dokar kare bayanan jama'a ta 2023 ta hau kan mai riƙe da irin waɗannan. Saboda haka aikin da za ka sa a intanet don neman aiki, ka cire sunayen mutane da lambobin wayarsu, ka tattara gidajen zuwa matakin unguwa ko mazaɓa, bayanan da ka samu a wurin aikin wani kuma kada ka wallafa su sai da izininsa a rubuce.